Yadda Ake Yi wa Mai Ƙeƙasasshiyar Zuciya Gyara Ba Tare da An Faɗa Tarkonsa Ba

Duk wanda ya taɓa riƙe sakataren ƙungiyar unguwa, ko ya zauna rabon gado, ko ya haɗa jari da wani a kasuwar Sabon Gari, ya san cewa gaya wa mutum ya yi ba daidai ba aiki ne mai nauyi. Yawancin mutane idan aka tuhume su sukan yi borin kunya: murya ta tashi, jijiyar wuya ta miƙe, a faɗi maganar da ba a yi niyya ba, wani ma ya kaɗe rigarsa ya bar wurin. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma irin wannan hauka ba ya daɗewa, domin bayan kwana biyu ko uku mutumin yakan turo ɗan'uwansa, ko ya tare ka bayan sallar Magariba ya ce a yi haƙuri, sharrin Shaiɗan ne. Akwai kuma wani rukuni ƙarami na mutane waɗanda kunyar ce ma ba ta zo musu ba tun farko, saboda haka fushinsu da hawayensu da rantsuwarsu duk kayan aiki ne, suna ɗauko wanda ya dace da wurin, su mayar da shi idan ya gama amfani. Wanda ya tunkari irin wannan mutum da dabarun da ake tunkarar mai borin kunya yakan fito daga zaman shi ne mai laifi, shi ne kuma mai ba da haƙuri.

Abin da masana suke nufi da wannan hali

A fagen nazarin halayyar ɗan'adam ana kiran wannan hali saikofati, mu kuwa a bakinmu mukan ce wane ba shi da imani, ko zuciyarsa ta ƙeƙashe. Tun a 1801 likitan Faransa Philippe Pinel ya lura da marasa lafiya masu aikata ɓarna alhali tunaninsu garau yake. A 1941 wani likitan ƙwaƙwalwa a jihar Jojiya ta Amurka, Hervey Cleckley, ya fitar da littafi a kan irin waɗannan mutane da ya gani a asibiti, ya lissafa alamominsu, waɗanda a bugu na baya suka tsaya a 16, kuma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne yadda suke da fara'a da basira da natsuwa a ido, har ya kwatanta lafiyar da suke nunawa da abin rufe fuska. Daga baya Robert Hare na ƙasar Kanada ya tsara ma'aunin da aka fi amfani da shi a kotuna da gidajen yari, wanda aka sani da PCL-R, aka buga shi a 1991. Ma'aunin yana da abubuwa 20, kowanne ana ba shi maki 0 ko 1 ko 2, jimilla 40, kuma a Amurka da Kanada sai mutum ya kai 30 ake sa shi cikin wannan rukuni. Cikin abubuwan da ake dubawa akwai daɗin baki na sama-sama, da ganin ya fi kowa, da ƙarya ba gaira ba dalili, da yaudara, da rashin nadama, da rashin tausayi, da ƙin ɗaukar alhakin abin da ya aikata, da saurin gundura, da zama a kan gumin wasu.

Dole ne a raba wannan da taɓin hankali. Mai taɓin hankali yana iya jin muryoyi ko ya yarda da abin da babu shi, kuma sau da yawa shi ne abin tausayi a cikin gida. Mai ƙeƙasasshiyar zuciya kuwa ya san daidai, ya san ba daidai ba, yana iya yin wa'azi a kai ma, illa dai abin ba ya taɓa shi. Hare ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 100 ne ke da wannan hali cikakke a tsakanin jama'a, adadin kuma yana hauhawa sosai a gidajen yarin Amurka da Kanada, inda ake ƙiyasta kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari. Ya fi yawa a maza.

Wannan ƙiyasi na ɗaya cikin ɗari shi ne mataki na farko na hankali: a cikin mutum goma da suka ba ka haushi a shekarar nan, mai yiwuwa ne babu ko ɗaya da ya kai wannan matsayi. Ƙwararre ne kawai, bayan doguwar hira da bin tarihin mutum a rubuce, zai iya yanke hukunci, kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka tun 1973 ta hana mambobinta laƙaba wa wani sanannen mutum cuta ba tare da sun duba shi ba. Idan likitoci sun hana kansu, to ni da kai mun fi cancantar kame baki, ballantana ga hanin da ke cikin Suratul Hujurat game da jifan juna da miyagun laƙabobi da yawan zato. Abin da ya rage mana shi ne lura da ɗabi'a mai maimaituwa da kare kanmu daga gare ta, kuma wannan ba ya buƙatar a sa wa kowa suna.

Yadda yake amsa suka

Kada a auna mutum da zafin da ya nuna a lokacin da aka yi masa gyara. A 1998 masana halayya biyu, Brad Bushman da Roy Baumeister, sun sa ɗalibai rubuta insha'i, aka kushe rubutun wasu da gangan, sannan aka ba su damar sakar wa wanda ya kushe su ƙara mai tsanani a kunne. Waɗanda suka fi ramuwa su ne masu tsananin son kai da ganin sun fi kowa. A 2010 Daniel Jones da Delroy Paulhus suka raba abin gida biyu, suka ga cewa zagi ya fi tunzura mai ganin kansa, shi kuwa mai alamun saikofati abin da ya fi tunzura shi shi ne a cutar da shi a jiki. Wannan yana nuna cewa mutumin da ya tashi kamar zai ci babu don an ce aikinsa bai yi kyau ba, galibi girman kansa ne aka taka. Wanda muke magana a kansa yana iya sauraron zagi yana murmushi, amma da zarar gyaran ya doshi abin da yake ci, wato kuɗi ko muƙami ko amincewar da jama'a suka ba shi, sai ya fara aiki, kuma aikin nasa a tsare yake.

Jennifer Freyd, wata masaniya a Jami'ar Oregon, ta bayyana a 1997 wani salo mai hawa uku da masu cutar da mutane suke bi idan an tuhume su: su musanta, su kai wa mai tuhuma hari, sannan su juya lamarin su zama su ne aka zalunta. Salon bai keɓanta da masu saikofati ba, amma a hannunsu ya fi kaifi, domin babu wata kunya da za ta sa muryarsu rawa. Na ga hawa ukun nan da idona shekarun baya, lokacin da nake sakataren kwamitin da unguwarmu ta kafa don tara kuɗin gyaran taransifoma. Aka yi wata uku ana karɓar kuɗi gida-gida, wuta ba ta dawo ba, sai muka zauna a zauren mai unguwa bayan sallar Isha'i da fitilar caji guda ɗaya a tsakiyar tabarma, na ce wa ma'aji cikin ladabi, "Alhaji, jama'a suna tambaya, ko za a kawo mana rasit na kayan da aka saya?" Ya yi murmushi ya ce ai tun makon jiya ya ba ni su. Da na ce ban karɓi komai ba, sai ya juya ga dattawa ya ce, "Ku tambayi Malam Sakatare, daren da iyalinsa take naƙuda, motar wa ta kai ta asibiti?" Gaskiya ne, motarsa ce. Daga nan ya shiga zancen mahaifinsa marigayi da irin hidimar da ya yi wa masallacin unguwa, murya ta karye, ya sa bakin rawani ya share ido, ya ce yau ga shi yaron da ya girme wa da shekara goma sha biyar yana kiransa ɓarawo a bainar jama'a. Ban furta wannan kalma ba, amma kafin a tashi ni aka ce in ba shi haƙuri, kuma na bayar. A bakin zaure, muna laluben takalma a cikin duhu, na ji shi yana tambayar wani matashi yadda wasan ƙwallon daren ya tashi, yana dariya, muryarsa wasai kamar ba ita ce ta karye ɗazu ba. Ba ni da ikon cewa ga sunan abin da ke damun wannan bawan Allah, kuma ba zan ce ba. Abin da na sani shi ne maganar rasit ba ta sake tashi a daren ba.

Saurin bushewar hawayen nan abin lura ne. Haka ma waɗannan: labari ya canza sau uku a mako guda kuma mai shi bai damu da an kama shi ba, alherin da ya taɓa yi maka ya zama bashin da ake ambata duk lokacin da ka buɗe baki, sirrin da ka gaya masa a lokacin zumunci ya dawo makami, ya ba da haƙuri da kalmomi masu daɗi sannan ya maimaita abin kafin wata ya mutu. Alama ɗaya ba ta isa ba. Idan aka ga sun taru a kan mutum guda, shekara da shekaru, a wurin mutane daban-daban, matarsa ta farko da abokin kasuwancinsa na da da maƙwabcin da ya tashi duk labarinsu iri ɗaya, to lokacin canza dabara ya yi. Aya ta 204 zuwa ta 206 a Suratul Baƙara ta siffanta mutumin da maganarsa take burge ka, yana kafa Allah shaida a kan abin da ke zuciyarsa, alhali shi ne mafi tsananin husuma, kuma idan aka ce masa ya ji tsoron Allah sai girman kai ya ɗebe shi. Hali ne da aka daɗe da sani.

Kafin ka buɗe baki

Fara da tambayar kanka abin da kake so ka fito da shi daga zaman. Idan burinka shi ne ya ji kunya, ko ya gane zafin da ya sa ka, ko ya ce ya yi nadama har zuci, to ka ajiye wannan buri, domin kana neman ruwa ne a rijiyar da ta ƙafe, kuma nuna masa inda ya yi maka ciwo nuna masa ne inda zai sake dannawa. Burin da ake iya cim ma shi ne ƙarami kuma a fili: a dawo da kuɗi kaza ranar kaza, a cire hannunsa daga asusu, a raba shagon, a daina turo yara karɓar bashi da sunanka.

Akwai dalili na ilimi a kan haka. A 1957 David Lykken ya gwada fursunoni a Amurka ya ga masu wannan hali ba sa saurin koyon kauce wa zaɓin da ke jawo musu jan lantarki, kuma jikinsu ba ya nuna alamar fargaba kamar na sauran mutane. A 1970 Frank Schmauk ya maimaita gwajin da horo iri uku, wato jan lantarki, da a ce wa mutum bai yi daidai ba, da kuma a ƙwace masa kuɗi, sai ya ga a nau'i na ukun ne kawai suka koyi darasi kamar kowa. Faɗa da tsawa da Allah-ya-isa ba sa motsa shi, amma asarar da zai iya ƙirgawa tana motsa shi. Saboda haka duk maganar da za ka yi masa ka gina ta a kan abin da zai samu idan ya bi da abin da zai rasa idan ya ƙi, kuma kada ka ambaci matakin da ba ka shirya ɗauka ba, domin barazanar da ba a cika ba tana koya masa cewa bakinka kawai ne.

Sai batun hujja. Tattara komai tun kafin ya san kana tattarawa: rasit, da takardar shigar kuɗi ta banki, da saƙonnin waya, da littafin adashi, da kwanan wata na kowane abu. Rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru, domin mai iya musu da natsuwa yana iya sa ka shakkar abin da idonka ya gani, kuma bayan wata biyu kai kanka za ka fara cewa ko dai ni ne na manta. Ajiye kwafi a wurin wani amintacce. Mu a nan muna jin nauyin cewa a rubuta, kamar rubutu zargi ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Wanda ya ji haushi don an ce a rubuta, a karanta masa ita.

Zaɓi shaidu biyu waɗanda ba sa cin komai a hannunsa, ba ya binsu bashi, bai kai ɗansu aiki ba. Nuna musu takardun tun kafin zaman, su karanta da kansu, domin idan a wurin zaman ne za su fara jin labarin, to wanda ya fi iya baki shi zai tafi da su, kuma ba kai ne ka fi iya baki ba.

A wurin zaman

Magana ɗaya za ka riƙe. Idan rasit ne, rasit ne. Kada ka kawo abin da ya yi bara, kada ka ce halinsa ne, kada ka yi amfani da kalmar sata ko ƙarya ko cin amana, ko da su ne gaskiyar lamarin, domin kalma ɗaya mai zafi ita yake jira ya mayar da zaman shari'ar ɓata suna. Ambaci aiki da rana da adadi: an karɓi kaza ranar kaza, an ce an sayi kaza, muna son ganin takarda. Idan ya kauce zuwa alherin da ya yi maka, ka amsa a taƙaice, "Haka ne Alhaji, Allah ya saka da alheri, ban manta ba. Rasit ɗin fa?" Idan ya kawo laifinka na gaske, kada ka musa kuma kada ka tsaya kare kai, ka ce a sa rana ta daban don wannan, yau maganar rasit ake yi. Za ka maimaita jimla ɗaya sau biyar ko shida har ka ji kamar wawa, amma kowace maimaitawa tana nuna wa shaidu cewa tambayar tana nan ba a amsa ba.

Riƙe muryarka ƙasa, ka ba shi girmansa na shekaru da na sarauta idan yana da ita, ka kira shi Yaya ko Baba ko Alhaji kamar yadda ka saba. Ladabin nan garkuwarka ce, tun da a zauren Zazzau yaron da ya ɗaga wa babba murya ya faɗi shari'a ko da gaskiyarsa ta kai hasumiya tsawo. Kada ka cike shiru. Idan ka yi tambaya ya yi shiru yana kallonka, bar shirun ya zauna a kansa. Kada ka bayyana wanda ya tsegunta maka, domin zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma wanda ya ba ka labari yana iya zama mai rauni fiye da kai. Kada kuma ka yarda da "zo mu yi magana mu biyu a waje", domin abin da aka faɗa a waje shi kaɗai zai ba da labarinsa gobe.

Inda al'adarmu take ba shi ƙofa

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin a ganina nan ne muka fi faɗuwa. Tarbiyyarmu ta ginu a kan kunya da kara da kawaici. Mukan ga abu mu kau da kai, mukan bar haƙƙinmu don kada a ji kanmu, mukan ce wa wanda aka cuta ya yi haƙuri domin shi ne mai jin magana. Waɗannan ɗabi'u suna aiki ne saboda ana zaton ɗaya ɓangaren ma yana da su: na yi maka kara, ka ji nauyi, ka gyara ba tare da an faɗa ba. Idan aka yi wa marar kunya kara, abin da ya fahimta shi ne an buɗe masa hanya, kuma gobe zai ɗauki ninki biyu.

Sulhun gargajiya ma haka yake. Mai unguwa ko liman ko babban wa a gida yakan so a tashi lafiya, saboda haka yakan raba laifi biyu, ya ce kowa ya yafe wa kowa, a yi fatiha. Tsakanin mutane biyu masu kunya wannan hikima ce babba, kuma ta kashe wutar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Amma idan ɗaya ya ci kuɗi ɗaya kuma ya tambaya, raba laifi biyu riba ce ga wanda ya ci. Hanyar da za ka bi ita ce ka je wurin mai sulhu tun kafin ranar, kai da shaidunka, ka gaya masa cikin girmamawa cewa yafiya tana hannunka kuma ka shirya bayarwa, amma kana roƙon a raba maganar yafiya da maganar lissafi, a gama ta biyu kafin a shiga ta farko. Roƙi a rubuta abin da aka yanke, da ranar cikawa, da abin da zai biyo baya idan ba a cika ba, kowa ya sa hannu, mai sulhu ya riƙe kwafi. Yawancin dattawa suna karɓar wannan idan ba a gabansa aka fara gaya musu ba, domin babu wanda yake son a ce an yi wasa da hankalinsa a zaurensa.

Yafiya kuma ba ta nufin a mayar masa da makullin. Hadisi ya tabbata cewa ba a saran mumini sau biyu daga rami ɗaya, kuma mutum yana iya yafe bashin da ya san ba zai dawo ba, ya kuma ƙi ba da wani.

Bayan an tashi

Yi tsammanin labari zai riga ka isa gida. Za ka ji an ce hassada kake yi, ko kujerarsa kake so, ko kai ma ka ci, kura tana ce wa kare maye. Kada ka bi majalisa-majalisa kana wanke kanka, domin yawan bayani yana kama da rashin gaskiya, kuma a wannan fage ya fi ka juriya tun da shi abin ba ya hana shi barci. Amsa ɗaya ta isa ga duk wanda ya tambaya: takardu suna wurin mai unguwa, mai so ya je ya gani. Yi tsammanin kuma wata rana zai zo da fara'a da tsaraba kamar babu abin da ya faru, ko ya turo wanda kake jin nauyi. Karɓi gaisuwa, ka duba ko abin da aka rubuta ya cika. Idan bai cika ba, tsarabar ba ta canza komai ba.

Idan wani ya zo neman shawara domin zai ba shi aure ko zai haɗa jari da shi, faɗin abin da ka sani ba giba ba ce. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, ciki har da kai ƙara da gargaɗin wanda zai cutu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu aibin mutum biyu da suka nemi aurenta. Sharaɗin shi ne ka tsaya a kan abin da ka gani da abin da takarda ta nuna, ga wanda yake da buƙatar sani, ba tare da ƙari ko laƙabi ba.

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi inda rikicin na kuɗi ne ko na muƙami. Idan akwai duka, ko barazanar kisa, ko shaƙe wuya, ko bibiya, musamman a cikin aure, to maganar yin gyara ta ƙare, sai maganar tsira. Matar da ke cikin wannan hali kada ta tunkare shi ita kaɗai a ɗaki, kada kuma ta sanar da shi ranar da za ta tafi, domin lokacin rabuwa yana cikin lokutan da haɗari ya fi tsananta. Ta sanar da waliyyinta ko wani namiji a danginta wanda ba ya cikin aljihun mijin, ta fitar da takardunta da na yara a hankali, ta je asibiti a rubuta duk wani rauni. Iyaye kuma su daina mayar da 'ya da kalmar haƙuri kawai alhali ta zo da tabo a wuya. Dokar hana cin zarafin mutane da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015, wadda Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, ta haɗa da tsoratarwa da cutarwa ta baki da ta zuciya, kuma tana ba kotu ikon ba da umarnin kariya. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa suna karɓar irin waɗannan koke-koke. Cin amana da zamba kuwa laifuka ne a dokar jiha, kuma takardun da ka tara su ne za su yi magana a gaban alƙali.

Wanda ya daɗe a ƙarƙashin irin wannan mutum yakan fito da rashin barci da faɗuwar gaba da shakkar hankalinsa, kuma shi ne ya fi buƙatar ganin likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Haka nan idan yaro ne ake ganin yana azabtar da dabbobi, yana ƙarya ba ko ƙifta ido, bulala ba ta sa shi ko gezau, a kai shi a duba tun da wuri maimakon a ƙara bulalar. Likitoci ba sa yanke wa wanda bai kai shekara 18 ba hukuncin wannan hali, kuma aikin da aka yi da matasa masu laifi a cibiyar Mendota ta jihar Wiskonsin a Amurka ya nuna cewa lada nan take a kan kyakkyawan aiki ta fi horo tasiri a kansu.

A kwamitinmu, abin da ya kawo ƙarshen lamarin ba wani zama ba ne. Wani dattijo, tsohon akawu, ya kawo shawarar a buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu, a daina karɓar kuɗi a hannu, a kuma riƙa karanta takardar banki a gaban jama'a ranar Juma'ar farko ta kowane wata. Ba a ambaci sunan kowa ba, an ce tsari ne na kowa da kowa, saboda haka babu wanda zai ce shi ake nufi. Ma'aji ya yaba da shawarar fiye da kowa, sannan bayan wata biyu ya ce harkokinsa sun yi yawa, ya ajiye muƙamin. Har yau muna haɗuwa a sahu, ina yi masa sallama yana amsawa da fara'a, yana tambayar yaron da aka haifa a daren da motarsa ta kai iyalina asibiti da sunansa. Rasit ɗin dai bai zo ba, kuma sai da aka sake tara wani kuɗin kafin wuta ta dawo.